Filin Shawara: Mun Haɗu Don Rubuta Maƙala, Ga Shi Muna Neman Ɓatawa

Wasiƙun wannan mako duk daga ɗaliban digiri na uku suka zo, kuma kukansu kusan ɗaya ne: rubutun haɗin gwiwa da abokan karatu na wani fanni. Kamar kullum, na cire sunaye da sunayen makarantu.

Anti, in janye ne?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce a fannin nazarin zamantakewar al'umma. Bara muka haɗu mu uku a wani taron ƙara wa juna sani, ni da wani injiniyan ruwa da wata mai karanta tattalin arzikin noma. Da muka ga duk a fadamar Haɗeja da Nguru muke bincike, sai muka ce mu haɗa maƙala ɗaya kan ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Na zauna a ƙauyuka na yi hira da masunta da manoma da mata masu banda kifi, na rubuta shafi goma sha ɗaya. Injiniya ya mayar da su sakin layi biyu, wai hira da mutum talatin labari ne, ba hujja ba. Nasa ɓangaren kuwa wallahi ban fahimci komai ba, daga lissafi sai taswira. Mai tattalin arzikin kuma ta ce a jera sunaye bisa haruffa, alhali sunanta da A ya fara. Mun tura wa mujalla, aka dawo mana da ita, edita ya ce maƙala uku ce aka liƙa wuri guda. Yanzu daga gaisuwa a WhatsApp ba abin da ke haɗa mu. In janye in ci gaba ni kaɗai?
Daga wata ɗaliba a Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki janye tukuna. Editan nan ya kyauta muku, domin ya sa yatsa daidai kan ciwon. Kun zaɓi wuri ɗaya da ciyawa ɗaya, amma kowa da tambayarsa ya shigo, kuma da ita ya fita. Injiniya yana son sanin ina ruwa ya bi, 'yar'uwarki tana son sanin nawa aka yi asara, ke kina son sanin yadda mutane suka ƙare. Muddin ba ku zauna kun fitar da tambaya guda wadda ɗayanku ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba, ko sau goma kuka gyara Turancin, maƙala uku za ta ci gaba da zama.

Kuma wurin da kuka zaɓa yana da irin wannan tambaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta canza hali. Ruwa ya koma kwanciya a wasu magudanai shekara zagaye, kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta cika hanya, ruwa ya karkata, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe, tsuntsun jan-baki ya samu makwanci kusa da shinkafa. Injiniya zai iya nuna inda ruwan ya karkata da shekarar da ya karkata. Amma me ya sa wani ƙauye ya haɗa kai ya yanke ciyawar, maƙwabcinsa ya kwashe ya bar wurin? Wannan sai ke. Asarar da kowane zaɓi ya jawo kuma sai mai tattalin arzikin. Kin ga tambaya ɗaya mai buƙatar mutum uku.

An taɓa yin irin wannan aiki a fadamar nan taku. A 1998 Edward Barbier, masanin tattalin arziki, da Julian Thompson, masanin ruwa, sun fitar da maƙala tare a mujallar Ambio, inda suka nuna cewa abin da ake asara a fadamar, na noma da su da itace, ya zarce ribar manyan ayyukan ban-ruwa da aka yi a saman kogin. Lissafin ruwan ɗaya ne ya ba ɗayan abin da zai yi wa kuɗi. Ku nemo ta ku karanta ku uku, ku lura da yadda aikin wannan ke shiga cikin na wancan.

Maganar da injiniya ya faɗa miki ta yi zafi, kuma bai kyauta ba da ya share aikinki ba shawara. Amma ina so ki san inda ya samo ta. Tun ajin farko aka koya masa cewa abin da ba a auna da yawa ba, ba a dogara da shi. Ke kuma an koya miki cewa zama da mutum talatin har ki san yadda suke tunani ya fi takardar tambayoyi dubu da aka cika a tsaye. Gardama da baki ba za ta raba ku ba, sai ya gani da idonsa. Ki buga taswirarsa a babbar takarda, ki ja shi ku tafi ƙauyen, ki shimfiɗa ta a tabarma gaban masuntan da kika yi hira da su, ki ce su nuna inda kwalekwale ke bi a da, da inda ya daina bi, da kakar da ya daina. In yatsan dattijo ya sauka daidai inda hoton tauraron ɗan'adam ya nuna toshewa, injiniya ya samu shaida ta biyu. In kuwa ya sauka wani wuri daban, to kun samu abin bincike da babu wanda ya san da shi a cikinku. Ko ta wace hanya, zai daina kiran hirarki labari.

Ke ma akwai naki gyaran, kuma zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Shafi goma sha ɗaya ya yi yawa a maƙalar mutum uku, don kowace mujalla tana da iyakar kalmomi. Ki zaɓi maganganu kaɗan masu nauyi waɗanda ke amsa tambayar, sauran ki ajiye wa kundinki. Na biyu, "ban fahimci komai ba" bai isa uzuri ga mai shirin sa sunanta a kan aiki ba. Ba a ce ki iya lissafinsa ba, amma dole ki san abin da ya auna, da abin da ya ƙaddara, da inda sakamakon zai iya yin kuskure. Ki zaunar da shi ya yi miki bayani da Hausa, ki yi ta tambaya ba kunya. Sau da yawa mai bayanin ne ke fara gano ramin da ke cikin aikinsa.

Kafin ku sake rubuta ko kalma, ku zaɓi mujallar, ku karanta maƙalu biyu ko uku da ta buga kwanan nan, don ita za ta gaya muku tsawo da tsari da wanda kuke yi wa magana. Sannan alƙalami ya zama a hannun mutum ɗaya: kowa ya kawo nasa, ɗaya ya rubuta duka daga farko zuwa ƙarshe da murya guda, sauran su bi da gyara. Ku yi aikin a Google Docs inda kowane gyara ke bayyana, da sharaɗin ba mai goge sakin layin wani sai ya rubuta dalili a gefe. Manazarta kuma ku zuba su a Zotero, ta yadda in mujalla ta ce lambobi take so maimakon suna da shekara, ba sai an kwana ana gyara ba.

Sai batun suna, inda zumunci ya fi lalacewa. Kada ki yi saurin zargin 'yar'uwarki da wayo. A tattalin arziki da lissafi, jera sunaye bisa haruffa al'ada ce sananniya. A likitanci da kimiyyar ɗakin gwaji, na farko shi ne wanda ya fi wahala, na ƙarshe shugaban aikin. A tarihi da adabi kuwa yawanci mutum shi kaɗai yake rubutu. Kowa abin da ya tarar a gidansu yake yi. Sai dai ku ɗalibai ne, kuma makarantu da dama suna neman ɗalibi ya buga wani abu daga kundinsa kafin ya kare shi, wasu har suna duba ko sunansa ne a gaba. Kowa ya ɗauko littafin ƙa'idojin makarantar digiri ta jami'arsa ya karanta, sannan ku yanke. Da ni ce, zan ce ku tsara maƙala uku daga wannan aiki, kowa ya jagoranci ɗaya, mai riƙe alƙalami shi ne a gaba. Daniel Kahneman da Amos Tversky kwabo suka jefa don sanin wanda zai fara a maƙalarsu ta farko, daga nan suka riƙa karɓa-karɓa shekaru da yawa.

Duk abin da kuka amince, ku rubuta a shafi ɗaya, kowa ya riƙe kwafi, ku nuna wa malaman da ke duba aikinku. Na san mutanenmu, za a ce ai mun zama 'yan'uwa, rubutu kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Ke ki fara kiran su, ki ce a zauna.

An jefa ni cikin godiya

Anti barka da war haka. Ina digiri na uku a kimiyyar harshe, ɓangaren Hausa. Wani abokina na sashen kwamfuta ya nemi in taimaka masa a aikin koya wa na'ura gane maganar yabo da ta zagi da ta habaici a rubutun Hausa na kafafen sada zumunta. Ni na tsara ƙa'idojin da aka bi wajen rarraba jimlolin, na horar da ɗalibai huɗu, na duba dubban jimloli da kaina wata biyar. Kwatsam sai na ga ya sa maƙalar a intanet da sunansa da na malaminsa da wani Bature, ni kuma ina can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Da na yi magana sai ya ce lokacin miƙa ta ga wani taro ne ya ƙure, kuma ai ban rubuta ko layi ɗaya ba. Abokina ne tun muna aji ɗaya. Ina da haƙƙi ko in haƙura?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ƙanena, kana da haƙƙi. Da jimloli kawai ka duba bisa ƙa'idar da wani ya shimfiɗa, aka biya ka ladanka, da godiya ta wadatar. Amma kai ka shimfiɗa ƙa'idar. Kai ka yanke cewa "sannu da ƙoƙari" wani lokaci yabo ne, wani lokaci baƙar magana, kuma kai ka koya wa yaran yadda za su bambance. Duk alƙaluman da abokinka ke taƙama da su a kan wannan hukunci naka suke tsaye.

Akwai ma'aunin da editocin mujallun likitanci na duniya suka fitar, wanda fannoni da yawa suka ara. Mawallafi shi ne wanda ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara bincike ko tattara bayanai ko fassara su, ya sa hannu a rubutun ko gyaran ma'anarsa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi kan aikin. Abokinka ya fake da sharaɗi na biyu. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, ma'aunin da kansa ya ce duk wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar shiga rubutun da duba shi. Ba a hana mutum ganin takarda sannan a ce bai rubuta ba. Akwai kuma tsarin da ake kira CRediT, wanda ya kasa aikin bincike gida 14, kuma tsara hanyar bincike da kula da bayanai suna cikinsu da sunansu, mujallu da yawa suna neman a rubuta wanda ya yi kowanne.

A fannin abokin naka ma an san da haka. Ƙungiyar Masakhane, mai aikin fasahar harsunan Afirka, ta yi suna wajen sa masu harshe cikin mawallafa, har za ka ga maƙala da sunaye gommai. Aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad ya jagoranta, da ya tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, shi ma aikin taron mutane ne.

Maganar ƙurewar lokaci kuwa gaskiya ce a rabi. 'Yan kwamfuta a taruka suke buga manyan ayyukansu, kuma ranar rufewa ba ta jiran kowa, saɓanin ku da kuka saba da mujalla mai ɗaukar watanni. Wannan zai iya zama dalilin da bai ba ka mako biyu ka karanta ba. Ƙara suna kuwa ba ya cin minti biyar.

Ka same shi ku biyu, ba a gaban mutane ba, ba kuma ta saƙo ba. Ka tafi da takardar ƙa'idojin da ka rubuta da saƙonnin da ke nuna kwanakin aikin. Ka ce masa kana son a gyara, kuma a shirye kake ka karanta maƙalar ka rubuta sashen bayanin harshe, wanda na tabbata yana buƙatar hannunka. Irin rumbun da ake ajiye maƙala kafin bugu yana karɓar sabon kwafi, saboda haka ƙofa ba ta rufe ba, amma ka hanzarta kafin a miƙa kwafin ƙarshe ga masu taron. In ya ƙi, ka sanar da malaminka ya yi magana da nasa, malami da malami. Kada ka fara da rubuta wa edita, domin editoci ba sa yanke hukuncin wanda ya cancanta, jami'a suke mayar wa. Kada kuma ka kai maganar Facebook.

Abu guda da ba ka tambaya ba: in kana da niyyar amfani da jimlolin nan a kundinka, ku daidaita yanzu a rubuce, malamanku su sani. In ba haka ba, ranar da aka saka kundinka a manhajar gano satar rubutu ta Turnitin, kalamanka na kanka za su fito a matsayin na wani, kai ne kuma za a tsayar.

Ka sa ni, in sa ka

Salam Anti. Mu biyar ne a rukuninmu: ni mai ilimin sinadarai, da mai shari'a, da mai ilimin koyarwa, da likitan dabbobi, da mai nazarin addinin Musulunci. Shawarar da aka kawo ita ce kowa ya rubuta maƙala ɗaya a fanninsa ya sa sunayen sauran huɗun, mu raba kuɗin bugawa. Kafin shekara kowa yana da biyar. Sun ce kowa haka yake yi, kuma ai shi ne haɗin gwiwa tsakanin fannoni. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma kuɗin bugawa ya fi ƙarfina ni kaɗai.
Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Ƙanena, zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kada ka shiga. Sa suna a kan maƙala shaida ce cewa ka san abin da ke ciki kuma ka tsaya masa. Me za ka shaida a kan cutar shanu ko hukuncin kotu? Ranar da ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, wani farfesa ya ɗaga takardar ya ce yi mana bayanin wannan, me za ka ce?

Kuma in ɗayanku ya yi sata ko ya ƙirƙiri alƙaluma, ku biyar za a kama. A 1994 wani likita a Landan, Malcolm Pearce, ya buga rahoton wata tiyata da bincike ya nuna ba a taɓa yin ta ba. Shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, ya bari an sa sunansa a kai ba tare da ya yi aikin ba, kamar yadda aka saba a lokacin. Da asiri ya tonu, sai da ya sauka daga shugabancin ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya da kuma muƙamin editan mujallarta. Babban mutum ke nan mai suna, balle ɗalibin da bai karɓi takardarsa ba.

Rukunin naku yana da amfani, ku juya shi ya zama gayya. A gayya kowa yana zuwa gonar ɗan'uwansa da fartanya, amma amfanin gona na mai gona ne. Ku sa rana ɗaya a mako ku zauna ɗaki guda, a kashe waya, kowa ya rubuta nasa na awa biyu. Bayan nan mutum ɗaya ya ba sauran shafi uku su karanta. Mai karatu daga wani fanni yana da tsada, don shi ne zai tsaya ya ce ban gane nan ba, a wurin da 'yan sashenku za su wuce saboda sabo. Wanda ya taimaka haka, a gode masa a ƙarshen maƙala, nan ne wurinsa. In kuma wata rana tambaya ta gaske ta haɗa biyu daga cikinku, misali kai da likitan dabbobi kan ragowar magani a nono ko nama, ku yi aikin tare ku sa sunayenku biyu da hujja.

Batun kuɗi kuma, akwai mujallu masu daraja da ba sa karɓar ko sisi daga marubuci, wasu manyan kamfanonin bugu kuma suna yafewa ko rage kuɗin ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi in an nema tun wajen miƙa maƙala. Ka je wurin ma'aikacin ɗakin karatu na jami'arku ya taya ka nema, ka kuma yi hattara da mujallar da ta yi maka alkawarin bugu cikin mako ɗaya. Ka faɗa wa abokanka matsayinka da lalama tun yanzu, kafin a fara tara kuɗin.